Tsakanin Tawa da Abijan: laifin wa ne in addu'a ba ta karɓu ba?

A Abijan, inda nake neman abinci kamar dubban 'yan Adar, akwai wata koyarwa da ta cika majami'u da yawa: in ka roƙi Allah bai ba ka ba, to matsalar daga wurinka take. Ko bangaskiyarka ta yi rauni, ko akwai zunubin da ka ɓoye, ko wani a danginku ya ɗaure ka, ko kuma ba ka "shuka iri" yadda ya kamata ba, wato kuɗin da ka sa a ambulan bai kai ba. Ni ɗan Tawa ne, cikin ikilisiya na tashi, kuma wannan magana tana ƙona mini rai.

Wata mata da muke sujada tare a unguwar Abobo tana da yaro mai ciwon sikila. Soyayyiyar ayaba take sayarwa a bakin titi. Na ga lokacin da ta kwance bakin zanenta a wani taron kwanan addu'a, ta fito da kuɗin hayar ɗakinta duka ta sa a ambulan, hannunta na rawa. Yaron bai warke ba. Da ta koma, sai aka ce mata ta bincika zuciyarta. Yanzu kaya biyu take ɗauke da su: ciwon ɗanta, da zargin cewa ita ce ta hana shi warkewa. Na biyun nan mutane ne suka ɗora mata.

A gida ba haka aka koya mana ba. Mu Kirista a Nijar ba mu kai ɗaya bisa ɗari ba, kuma ba mu taɓa samun damar yin kurin cewa duk abin da muka roƙa yana sauka nan take ba. Manomin Adar yana roƙon ruwa tare da maƙwabcinsa Musulmi, wata shekara hatsi ya yi, wata shekara ya bushe a tsaye kamar yadda aka gani a 1984 da 2004, gonar mai bi da ta maƙwabcinsa duka ɗaya. Asibitin Galmi, da mishan ta buɗe tun 1950, ana addu'a a cikinsa kullum. Mutane da yawa sun koma gida da ƙafafunsu, wasu kuma gawarsu aka ɗauko. Ban taɓa jin wani dattijon ikilisiya ya dubi uwar da ta rasa ɗa ya ce bangaskiyarta ce ta gaza ba. Tabarma ake shimfiɗawa, a zauna da ita, mata su dama fura, a ce: "Inna, Ubangiji ya san da ke."

Ku tuna Jeffery Woodke, Ba'amurken da ya daɗe yana aikin agaji a Abalak. A watan Oktoba na 2016 aka sace shi, sai a watan Maris na 2023 aka sake shi. Fiye da shekara 6 ana durƙuso dominsa. In addu'a ciniki ce, me ya sa aka daɗe haka? Kuma akwai abin da ya fi wannan nauyi, wanda masu ba da shaida ba su cika ambata ba: a daren da aka ɗauke shi an kashe mutum biyu da ke tsaronsa. Su ma suna da masu yi masu fatan kwana lafiya. Shi ya dawo, su ba su dawo ba. Duk koyarwar da ba za ta iya tsayawa a ƙofar gidajen nan biyu ta yi magana ba, ni ban yarda da ita ba.

Haka a Janairun 2015, da aka ƙone majami'u gommai a Damagaram da Yamai bayan zanen ɓatancin da wata jaridar Faransa ta buga, aka rasa rayuka. Mutanen da ke ciki sun sha roƙon Allah ya tsare ɗakunan sujadarsu. Wuta ta ci. Ranar Lahadi suka taru kusa da bangon da ya yi baƙi da hayaƙi, suka yi waƙa, wasu na kuka.

Littafi Mai Tsarki kansa bai ɓoye wannan ba. Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba, aka ce masa alherin Ubangiji ya ishe shi. Abokan Daniyel uku sun ce wa Nebukadnezzar Allahnsu yana da ikon cetonsu, amma ko bai cece su ba, ba za su yi wa gunki sujada ba. Yesu a Getsamani ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon wahala, gari ya waye aka kai shi gicciye. Wa zai ce masa bai shuka iri ba?

Ba na cewa komai na gida daidai ne. Muna saurin cewa "sai haƙuri" tun mutum bai gama fitar da abin da ke ransa ba, har wasu su ɗauka cewa tambayar Allah "don me?" saɓo ne. Alhali Zabura ta 13 da "har yaushe" ta fara, ta 88 kuwa a cikin duhu ta ƙare, babu ko kalmar ta'aziyya, kuma an bar ta a cikin Littafin. A nan Abijan na ga mutane suna roƙo da ƙarfin hali, suna sa rai da gaske, wannan kam ina so mu koya. Amma in an ce in zaɓa, na fi son ikilisiyar da za ta zauna da ni cikin rashi, da wadda za ta tambaye ni rasit.

Abin da ke tayar mini da hankali shi ne koyarwar nan ta riga ta kama hanyar gida. Ƙannenmu a Tawa da Yamai suna kallon waɗannan masu wa'azi a waya, ta Facebook da WhatsApp, matasan da ba su da aiki suna jin ana ce masu talaucinsu rashin bangaskiya ne. Ina roƙon fastocinmu da dattawa, don Allah ku riga su magana. Ku karanta wa jama'a Zabura ta 88 daga kan bagade ranar Lahadi. In an ba da lokacin shaida, ku ba wanda har yanzu yake jira dama shi ma ya tashi ya faɗi nasa. In kuma uwa ta zo da kuɗin maganin ɗanta za ta sa a baiko, ku mayar mata da su, ku sa wani ya raka ta wurin likita, ku bi ta da addu'a.