Wa ya dace ya ba da umarnin fim ɗin Nirvana?

Fiye da shekara 30 ke nan da rasuwar mawaƙi Kurt Cobain, amma duk sanda aka tayar da zancen shirya fim kan ƙungiyarsa ta Nirvana, gardamar da ake yi ita ce wane jarumi ya fi kama da shi. Ni abin da ya fi damuna shi ne darakta, don shi ke yanke abin da za a nuna da abin da za a rufe.

A tuna inda yaran nan suka fito. Cobain da Krist Novoselic sun kafa ƙungiyar a 1987 a Aberdeen, wani ƙaramin gari na masu sare itatuwa a jihar Washington ta Amurka, inda ruwan sama ba ya ƙarewa, aikin yi kuwa yana ta ƙarewa. Album ɗinsu na farko a 1989, dala 606 da 'yan canji aka kashe wajen naɗarsa. Dave Grohl ya shigo da gangunansa a 1990. Zuwa Janairun 1992 album ɗinsu na biyu ya ture na Michael Jackson daga saman jadawalin Billboard na album ɗin da suka fi kasuwa a Amurka. Kiɗan da ake kira grunge ke nan: jita mai ƙara da tsatsa, murya a dishe, riga tsohuwa. Daraktan da ya saba da ƙyalƙyali zai wanke wannan dauɗa tas, alhali ita ce labarin.

Mun ga yadda hakan ke faruwa. Fim ɗin da aka yi kan ƙungiyar Queen a 2018 ya tara sama da dala miliyan 900, amma an ja lokacin da aka gano cutar ƙanjamau a jikin mawaƙinsu Freddie Mercury baya zuwa kafin bikin waƙoƙin neman agaji na Live Aid na 1985, don kawai 'yan kallo su zubar da hawaye a ƙarshe. Wanda zai yi wa Nirvana irin wannan gyaran fuska, gara ya bar su.

Akwai kuma tarko na biyu, wanda ya fi ba ni tsoro. Cobain ya kashe kansa a Seattle a watan Afrilun 1994 yana da shekara 27, bayan fama da ciwon ciki da hodar heroin. Gus Van Sant ya riga ya yi fim a 2005 kan kwanakin ƙarshe na wani mawaƙi mai kama da shi. Ya yi ƙoƙari, amma mutuwar ce ta cinye komai. Matasa za su kalli sabon fim ɗin, kuma ba na son a nuna musu cewa halaka kai wani ado ne na basira. Cobain ya bar 'yarsa a duniya ba ta kai shekara 2 ba.

Shi ya sa zaɓina Anton Corbijn ne, mai ɗaukar hoto ɗan ƙasar Holan. Ya yi aiki da Nirvana ido da ido, shi ya shirya musu bidiyon waƙa a 1993. A 2007 kuma ya yi fim baƙi da fari kan mawaƙi Ian Curtis na ƙungiyar Joy Division, wanda shi ma ya kashe kansa. Bai mayar da Curtis waliyyi ba. Ya nuna shi yana zuwa aikin ofis, yana fama da farfaɗiya, yana ɓata wa matarsa rai.

Za a ce Corbijn yana da sanyin hannu, Nirvana kuwa wuta ce. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. To amma a duba wasan da suka yi wa tashar talabijin ta MTV a New York a Nuwamban 1993: furanni da baƙaƙen kyandirori kewaye da dandamali, Cobain a zaune cikin tsohuwar rigar sanyi, ya rufe ido yana jan waƙar ƙarshe har muryarsa ta tsage. Wannan shirun ma nasu ne, kuma mai ɗaukar hoto ya san yadda ake jiransa.

Sharaɗi ɗaya zan ƙara: masu haƙƙin waƙoƙin su ba shi izini, sannan su cire hannu daga rubutun labarin.