Kun bar jaki kuna dukan taiki

Abin da yaran nan suka yi wa dattijon tela jiya rashin tarbiyya ne tsagwaronsa, kuma duk wanda ya tura bidiyon gaba yana dariya yana da kaso a cikin alhakin. Ba sai na maimaita muku ba, kowa a Garwa ya gani a WhatsApp. Mutum sa'an ubanku, kun tsaya masa a ƙofar shago kuna kiransa maci amana, kun fizge atamfa daga kan kekensa kun jefa a kwata, wani yana ɗauka da waya. Laifinsa duka shi ne ya karɓi ɗinkin atamfar RDPC, jam'iyya mai mulki a nan Kamaru, mai hoton shugaba Paul Biya, wadda matan jam'iyya za su sa. Shi ke nan. Bai hau mumbari ba, bai ce wa kowa ga wanda zai zaɓa ba, ku kanku ba ku san inda ƙuri'arsa za ta faɗa ba.

Kafin wani ya shigo ƙasan rubutun nan ya ce an saye ni, bari in faɗa da bakina: a zaɓen shugaban ƙasa na ranar Lahadi 12 ga Oktoban 2025 ba zan zaɓi Paul Biya ba. Mutumin da ya hau mulki ranar 6 ga Nuwamban 1982, a wannan zaɓe yana da shekara 92, yana neman ƙarin shekara bakwai, ba shi da abin da zai faɗa mini wanda bai samu lokacin yi ba. Ya zo Marwa ranar Talata, ya yi jawabi, ya koma. Ni na gama yanke shawarata tun tuni. Amma wannan bai ba ni izinin cin mutuncin talaka ɗan'uwana ba, ku ma bai ba ku ba.

Ku da kuke ihu da sunan ɗan takarar adawa Issa Tchiroma, ina Tchiroma yake a watan Mayun 2025? Yana kan kujerar ministan samar da aiki da koyar da sana'a a gwamnatin Biya. Sai a watan Yuni ya ajiye. Kafin nan, daga 2009 zuwa 2019, shi ne ministan sadarwa, shi ne bakin gwamnati, shi ke fitowa a talabijin yana kare duk abin da aka yi. Kusan shekara goma. Tun a 1992 ma ya taɓa shiga gwamnatin nan a matsayin ministan sufuri. Na san an ɗaure shi shekaru bayan yunƙurin juyin mulkin Afrilun 1984, ban manta ba, kuma ba na raina wannan wahalar. Amma bayan ya fito, da ƙafarsa ya je ya zauna a teburin wanda ya ɗaure shi.

Kun tuna bidiyon nan na 2018, wanda aka ga sojoji sun tasa mata biyu da yara biyu a gaba, ɗaya jariri goye a bayan uwarsa, suka harbe su a gefen hanya can wajen Mayo Tsanaga? Wa ya fito ya ce wa duniya labarin ƙarya ne? Kakakin gwamnati na lokacin. Daga baya aka kama sojojin, a 2020 kotun soja ta yanke wa huɗu daga ciki shekara goma-goma. Matan nan 'yan arewa ne kamar iyayenmu. Yau Tchiroma ya je Bamenda ya nemi gafarar mutanen can a kan maganganun da ya yi yana minista, kuma da yawa sun karɓa. Mu ma a nan mun karɓa, mun ce mutum yana iya tuba, Allah ma yana karɓar tuba. To madalla. Na yarda da wannan har zuciyata. Amma in har za ku iya yafe wa wanda ya yi shekara goma yana magana da yawun mulkin nan, da wane ido kuke kallon tsohon da ya ɗinka riga da zani a kan sefa 2,500?

Ku ma na ɗan takara Bello Bouba kada ku ɗauka na tsallake ku, don na ga wasunku a cikin masu tafi. Shi ne firaministan farko da Biya ya naɗa a 1982. Ya dawo cikin gwamnati a 1997, bai fita ba sai a 2025: masana'antu, gidan waya da sadarwa, sufuri, yawon buɗe ido, duk ya zagaya. Shekara fiye da ashirin jam'iyyarsa ta UNDP tana cewa mu zaɓi Biya. A 2018 manyan nan biyu duk Biya suka yi wa kamfe, a garin nan, a unguwannin nan. Atamfar da kuka jefa a kwata, irinta aka riƙa rabawa a tarukan da suka halarta suna murmushi.

Kun yafe wa minista, kun kasa yafe wa tela. Wannan ita ce maganata, kuma zan ci gaba da faɗinta har ku gaji da ji.

Kun bar jaki kuna dukan taiki. In fushi ne da masu riƙe wa mulkin nan ƙafa a arewa, ai kun san su, ba a ɓoye suke ba. Cavaye Yeguie Djibril ɗan Arewa Mai Nisa ne, daga 1992 ya yi fiye da shekara talatin yana shugabancin majalisar dokoki, kuma hanyar Mora zuwa Dabanga zuwa Kuseri tana nan yadda direbobi suka san ta, mota ta kwana a laka da damina. Sarakunanmu, Allah ya ja zamaninsu, tun 2013 gwamnati ke biyansu alawus duk wata, kuma kun ga waɗanda suka fito suka yi mubaya'a. 'Yan kasuwar da ke ba da motoci a kwaso mutane zuwa taro kun san gidajensu. Ba cewa nake ku je ku yi musu rashin kunya ba, haram, ba na so a taɓa kowa. Abin da nake nuna muku shi ne ko kallon ƙofarsu ba ku iya yi. Ƙarfinku bai tashi ba sai a kan wanda ba shi da mai gadi, ba shi da ɗan sanda, ba shi da wanda zai buga wa waya.

Wanda bai taɓa zama a shagon tela ba bai san yadda watan nan yake ba. An koma makaranta a Satumba, kuɗin rajista da littattafai sun cinye ɗan abin da aka tara da ɗinkin kayan makaranta. Salla ta wuce da nisa, babu mai kawo shadda. Wuta kuwa kun san halinta, duk shekara ruwa ya ja baya a madatsar Lagdo sai a shiga rabon wuta unguwa-unguwa, shi ya sa har yanzu tsohon yake taka keken ƙafa, yake hura gawayi a dutsen guga. Na sha wucewa da dare in gan shi da fitilar caji rataye a ƙusa, tabarau a kan hanci, yana neman kafar allura. A irin wannan hali mace ta shigo da turmin atamfa fiye da goma ta ce tana so kafin Asabar, ga rabin kuɗi a hannu. Ku ce mini wane magidanci ne zai ce mata ta tafi da kayanta. Litar fetur a gidan mai ta koma sefa 840 a Fabrairun 2024, zuwa-zuwar (fetur ɗin fasa-ƙwauri) da muke dogaro da ita daga Najeriya ita ma ta tashi tun da aka cire tallafi a can a 2023, komai na kasuwa ya bi ta. Gobe in wata ta kawo atamfa mai hoton Tchiroma zai ɗinka, in ta Bello ce zai ɗinka. Allurarsa ba ta da jam'iyya.

Na san abin da za ku ce. Wai duk wanda ya taimaki azzalumi ko da da zare ne shi ma azzalumi ne. To mai moto da ya kai mutane filin taro fa? Mai shayin da ya sayar musu da burodi? Malamin makarantar da aka ce wa in bai bayyana a taro ba zai ga takardar canjin wurin aiki? A haka sai ku kori rabin gari. Wasu kuma suna cewa wannan ce dama ta ƙarshe, ba lokacin lallashi ba ne. Ku riƙe wannan maganar, ba ta shige ni ba. In dama ta ƙarshe ce, ai a lokacin ne kowace ƙuri'a take da tsada, kuma ban taɓa ganin wanda aka zaga a gaban 'ya'yansa ya tashi da safe ya zaɓi ɗan takarar masu zaginsa ba. Jiya kun yi wa RDPC aikin da kuɗinsu bai iya saya musu ba.

Ko da ma Biya zai zaɓa, hakkinsa ne. Akwai dattawa a garin nan da suka ga abin da ya biyo bayan Afrilun 1984, suka ga 'yan arewa nawa aka kwashe, wasu ba su dawo ba. Tun daga lokacin suka ɗaure wa kansu cewa ba sa ja da gwamnati. Akwai matan da suka gudo daga Kolofata da Amcide da Fotokol tun da Boko Haram ta fara shigo mana a 2014, su abin da suke tsoro kawai kada ƙasa ta rikice su sake ɗaukar kaya a ka. Ni ina ganin sun yi kuskure a lissafi, domin a ƙarƙashin mulkin nan ne aka kore su daga gidajensu, a ƙarƙashinsa ne ake satar mutane a Mayo Rey da Tuboro ana karɓar kuɗin fansa har makiyaya suna sayar da garke. Wannan ita ce hujjar da za ka zauna ka faɗa wa tsoho cikin ladabi, ka ce Baba, zaman lafiyar da kake tsoron rasawa, ina take? Wataƙila ya ji, wataƙila ya ƙi. Amma tsoronsa na gaske ne, ba sayensa aka yi ba.

Abin da ya fi ci mini rai, ku kanku 'yan canjin ba ku bar juna ba. Na Tchiroma suna ce wa na Bello 'yan amshin shata, na Bello suna ce wa na Tchiroma 'yan hayaniya. Mutanen nan biyu a jam'iyya ɗaya suka fara, UNDP, suka ɓata tun shekarun 1990, yau kuma sun kasa zama a ɗaki ɗaya su fitar da mutum ɗaya. Zaɓenmu zagaye ɗaya ne, wanda ya fi yawa ya ɗauka ko da bai kai rabi ba. A 1992 an ba Biya kusan kashi 40, ɗan adawa John Fru Ndi kusan 36, Bello kusan 19. Ku haɗa na Fru Ndi da na Bello da kanku. An hana jagoran adawa Maurice Kamto tsayawa a 2025, an bar mutum 12 a takara, kuma har yanzu manyanmu biyu kowa ya ja tungarsa. Wannan ba telan unguwa ne ya jawo shi ba. In akwai wanda ya kamata ku tsaya a ƙofarsa ku yi wa tambaya, su ne.

Kuma tambayoyin suna da yawa, ba mai yi. Tchiroma yana maganar riƙon ƙwarya na shekara uku zuwa biyar da tsarin tarayya. Yaya za a raba kuɗin ƙasa a tarayyar, arewa da ba ta da gaɓar teku me za ta samu? Manomin audugar da ke sayar wa kamfanin Sodecoton, wa zai tsaya masa a kan farashi da bashin taki? Jirgin ƙasa ya tsaya a Ngawundare tun 1974, wa zai ƙaraso da shi? Mutanen Yagwa da ruwa ya cinye musu gidaje a 2024, me aka tanadar musu kafin wata damina? Na shiga zaurukan WhatsApp ɗinku, ban ga mai tattauna ko ɗaya ba, sai hotuna da waƙa da zagin iyayen juna.

Manyan nan sun san juna shekara arba'in. Suna haɗuwa a ɗaurin aure, suna gaisawa a jirgi, 'ya'yansu makaranta ɗaya suke. Ko wa ya ci, za ku ga wasu daga cikinsu sun sake zama wuri ɗaya, an sha yi a gabanmu. Kai kuwa da ka jefa kayan mutum a kwata, da shi za ka tsaya sahu ɗaya a masallaci ranar Litinin, shi zai zo zaman makoki in an yi muku rasuwa, ƙila ma shi ya ɗinka maka kayan sallarka na farko. Kun yafe wa minista. Ku je ku ba tela haƙuri, ku haɗa kuɗi ku biya atamfar da kuka lalata, don ba tasa ba ce, amana ce a hannunsa kuma shi za a bi. Iyayen yaran nan ma sun gane 'ya'yansu a bidiyon, kada su yi kamar ba su gani ba. Wanda ya ɗora kuma ya sauke.

Ƙarfin nan da kuke da shi ku ajiye shi zuwa Lahadi. Ku fita da wuri, ku tsaya a rumfa cikin natsuwa har a ƙirga a gabanku, wakilan jam'iyyunku su karɓi takardar sakamako da sa hannu. Ni abin da ma ke damuna yanzu tsofaffin da aka yi wa rajista a garuruwansu ne alhali suna zaune a nan wajen 'ya'yansu, ga kuɗin mota ya yi tsada, ga sabon katin shaidar ɗan ƙasa sai da jaka goma, da yawa har yau tsohuwar takardar wucin gadi suke yawo da ita duk ta yage a ninki. Gwaggona tana cikinsu, a Gidar sunanta yake, kuma ta rantse sai ta je. Ban tambaye ta wa za ta zaɓa ba. In akwai mai tafiya Gidar ko Figil ranar Asabar da safe kuma yana da wurin mutum ɗaya a gaba, don ƙafarta ba ta son baya, ya yi mini magana ta akwatin saƙo, zan biya kuɗin mai.