Hutu a tsibirin Likoma ba ya son ƙarar inji

Duk wanda ya tambaye ni inda zai je ya huta sosai, nakan ce masa ya nufi tsibirin Likoma da ke cikin tafkin Malawi. Tsibirin na ƙasar Malawi ne, ko da yake ruwan da ya kewaye shi na Mozambik ne, kuma tsohon jirgin ruwan nan mai suna Ilala, wanda ke yawo a tafkin tun 1951, sau ɗaya a mako yake biyowa idan zai yi arewa, sau ɗaya kuma idan zai koma kudu. Masaukan baƙi suna bakin ruwa, tsakanin duwatsu da manyan itatuwan kuka, waɗanda ganinsu kaɗai kan sa Bahaushe ya ji kamar bai yi nisa da gida ba.

Ra'ayina shi ne wasannin ruwan da suka dace da irin wannan wuri su ne waɗanda ba su da inji. Mutum ya shiga ƙaramin kwalekwale ya tuƙa da hannunsa, ko ya sa gilashin ido da bututun numfashi ya kifa fuskarsa a ruwa, sai ya ga ƙananan kifaye masu launin shuɗi da rawaya, waɗanda mutanen wurin ke kira mbuna, suna kiwo a jikin duwatsu. Babu tafkin da ya kai wannan yawan ire-iren kifi a duniya, kuma mafi yawansu ba a samun su a wani wuri. Babur ɗin ruwa mai gudu kuwa yana korar kifi, yana zubar da mai, yana kuma damun masuntan da suka kwana a kan ruwa da fitilu suna kamun wasu ƙananan kifaye da ake kira usipa, alhali su ne masu wurin. Ganin fitilunsu da dare, jere a kan ruwa kamar taurari, ya fi mini duk wani wasan da aka biya kuɗi dominsa.

Sai dai ina roƙon mai niyyar zuwa kada kyan ruwan ya ruɗe shi. Zurfin tafkin ya kai mita 700 a wasu wurare, kuma a lokacin sanyi iskar kudu da suke kira mwera takan tayar da igiyar ruwa cikin ɗan lokaci, saboda haka ko gwanin iyo ya sa rigar kariya kafin ya hau kwalekwale. Akwai kuma tsargiya a wasu gaɓoɓin tafkin, musamman inda ruwa ya kwanta cikin ciyayi kusa da ƙauyuka. Wanda ya yi wanka a can ya je asibiti a gwada shi bayan ya dawo da wasu makonni, domin cutar takan daɗe a jiki kafin ta nuna alama.