Me Ka Ɓoye a Bayanka?

'Yan'uwana matasa cikin Almasihu, akwai maganar da ta daɗe tana damuna, kuma ni ma ban tsira daga cikinta ba. Ranar Lahadi muna ɗaga hannu a sujada, muna waƙar mun ba Yesu rayuwarmu duka, wani har da hawaye. Kashegari wani ya roƙe mu awa ɗaya tak daga lokacinmu, sai uzuri ya fara zuba. To, ina "duka" ɗin ya tafi?

Ku sake karanta labarin Hananiya da Safiratu a Ayyukan Manzanni sura 5. Babu wanda ya tilasta musu sayar da filinsu. Bitrus da bakinsa ya gaya wa Hananiya cewa filin nasa ne kafin ya sayar, kuɗin ma nasa ne bayan ya sayar. Laifinsu shi ne sun ɓoye wani kashi, suka ajiye saura a gaban manzanni kamar shi ke nan. Suna son sunan masu ba da duka, ba sa son zafin bayarwar. Duk lokacin da na karanta wurin nan gabana yakan faɗi, domin na ga kaina a ciki.

Sai ku kwatanta su da gwauruwar da Yesu ya zuba wa ido a Haikali, a Markus sura 12. 'Yan tsabar tagulla biyu ne a hannunta. Biyu fa. Da ta jefa ɗaya ta riƙe ɗaya, wa zai ga laifinta? Rabin abin da ta mallaka ke nan, ya ma wuce ushiri nesa. Amma ta buɗe hannu ta saki duka biyun, Yesu kuwa ya kira almajiransa ya ce ta fi masu arziki bayarwa.

Shi kansa Ubangiji bai umarce mu da abin da bai yi ba. A daren da za a bashe shi, ya tuɓe mayafinsa, ya yi ɗamara da tawul, ya durƙusa yana wanke ƙafafun almajirai, aikin da bawa ke yi. Yahuza yana cikinsu, Yesu kuma ya san abin da ke zuciyarsa. Bitrus yana cikinsu, wanda kafin zakara ya yi cara zai musanta shi sau uku. A daren nan ne ya ce su ƙaunaci juna kamar yadda ya ƙaunace su, ya kuma ce babu ƙaunar da ta fi mutum ya ba da ransa saboda abokansa. Gari na wayewa ya cika maganarsa a kan gicciye.

Wani zai ce ai wannan Yesu ne. To, ga ɗan Adam irinmu. A shekarar 1941, a Auschwitz, sansanin fursunoni da Jamusawa suka kafa a ƙasar Poland lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wani fursuna ya tsere, sai sojojin Jamus suka ware mutum goma da za a kashe da yunwa. Ɗaya daga cikinsu, Franciszek Gajowniczek, ya fashe da kuka yana ambaton matarsa da 'ya'yansa. Sai wani limamin Katolika ɗan ƙasar Poland, Maximilian Kolbe, ya fito daga layi ya ce a ɗauke shi a madadinsa. Ya yi kusan mako biyu a ɗakin ƙarƙashin ƙasa ba ci ba sha, yana jagorantar sauran cikin addu'a, har aka ƙarasa shi da allurar guba ranar 14 ga Agusta. Mutumin da ya fansa ya rayu har 1995. Abin da ya fi kama ni shi ne shaidar waɗanda suka zauna da shi, cewa tun kafin ranar yakan raba ɗan abincinsa da wasu. Ba ranar ya fara mutuwa ba. Ya saba da ba da kansa kaɗan-kaɗan, shi ya sa ƙafarsa ta iya takawa lokacin da babbar rana ta zo.

Yawancinmu ba za a taɓa tsayar da mu a irin wannan layin ba. Namu layin yana cikin gida. Na taɓa zuwa duba wani dattijo da ya shanye ɓari ɗaya. Na tarar da matarsa tana goge masa baki da tsumma, tana juya shi don kada bayansa ya yi gyambo, shi kuwa ciwo ya sa yana yi mata faɗa. Ta yi shiru, ta gyara masa matashi, ta riƙe hannun nan da ba ya motsi. Ni da na shigo da ayoyi a baki sai na rasa abin faɗa. A makon ne kuma wani abokina ya kira ni sau biyu yana cikin damuwa, ban ɗauka ba, don na gaji da jin matsalarsa. Na je na nemi gafararsa, amma har yau abin yana sosa mini rai.

Kada a fahimce ni a baibai. Ba na cewa ka bar wani ya riƙa cutar da kai da sunan ƙauna, ko 'yar'uwa ta zauna ana dukanta tana cewa gicciyenta ne. Yesu ya ce ba mai karɓe ransa, shi ne yake ba da shi don kansa. Abin da aka ƙwace ba kyauta ba ne. Bulus ma ya gargaɗi Korintiyawa cewa mutum zai iya rabar da dukiyarsa kaf, har ya ba da jikinsa, in babu ƙauna bai amfana da komai ba. Ana iya yin hidima don a gani, a ɗauki hoto a sa a Facebook, zuciya kuwa tana kulle.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, kowa ya san abin da ya ɓoye a bayansa. Wani kuɗi ne, wani lokaci, wani kuwa gafarar da ya hana mahaifinsa shekara da shekaru. Akwai lambar da ke cikin wayarka wadda kake tsallakewa duk lokacin da ka ga sunan. Kafin Lahadi mai zuwa, kafin ka sake ɗaga hannu ka yi waƙar nan, ka kira ta.