Su nuna mana takardar harajinsu mana

Jama'ar Kano ina gaisuwa. Tun da aka fara aiki da sabuwar dokar haraji a watan Janairun 2026 group ɗin 'yan unguwarmu na WhatsApp ba a maganar komai sai haraji, kowa na tambaya nawa za a cire masa, amma ban ji wanda ya tambaya su masu sa hannu a dokar nawa suke biya ba, kuma wallahi wannan ce tambayar da ta fi damuna.

Nan Birtaniya inda nake zaune, a watan Maris na 2023 Rishi Sunak yana Firaminista ya fito da bayanin harajinsa, a shekarar 2021 zuwa 2022 ya samu kusan fam miliyan 2, ya biya haraji fam dubu 432 da 'yan kai. Ba wata doka da ta tilasta masa, matsin lamba ne na 'yan jarida da 'yan adawa. Kuma kar ku ɗauka tafi aka yi masa, caa aka yi a kansa, don da aka buga lissafi kusan kashi 22 cikin ɗari ya biya, saboda yawancin kuɗin ribar hannun jari ne kuma harajinta bai kai na albashi ba, sai mutane suka ce ashe attajiri da ma'aikaciyar jinya kusan kashi ɗaya ake cire musu. To amma kun ga rigimar a kan lamba ake yinta, lambar da shi ya kawo da hannunsa, kowa zai iya ɗaukar kalkuleta ya duba.

Mu fa a gida? Kunna rediyo da daddare ka ji sojojin baka, wannan ya rantse wane ya sayi gida a Dubai, wancan ya rantse ƙarya ce ubangidansa ko fili bai da shi, gobe a sake sabon zagaye, babu mai takarda a cikinsu, kai mai sauraro sai dai ka zaɓi wanda za ka gaskata gwargwadon kalar hular da kake sawa.

Na san wani zai ce ai muna da Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata. E, tsarin mulkin 1999 ya ce duk mai riƙe da muƙami ya cike fom ɗin kadarorinsa in zai shiga ofis, da duk bayan shekara 4, da in zai sauka. Har ma ya ce a bai wa ɗan ƙasa damar dubawa bisa sharuɗɗan da Majalisar Tarayya za ta gindaya, yau sama da shekara 20 majalisa ba ta gindaya ba, to su wa za a duba in an gindaya? Su ɗin ne dai. Sai fom ɗin ya koma makami, ba a tuna shi sai an ɓata da mutum, ku tuna yadda aka yi da Saraki a 2015 da Alƙalin Alƙalai Onnoghen a 2019.

Marigayi Umaru Musa 'Yar'adua Allah Ya jiƙansa ya bayyana nasa a fili a 2007, wajen naira miliyan 856, har yau ana faɗa. Buhari a 2015 taƙaitawa aka karanto mana, shanu 270, tumaki 25, dawakai 5, gidajen ƙasa biyu a Daura. Jonathan kuwa da aka tambaye shi a 2012 cewa ya yi shi ko a jikinsa. Amma ko waɗancan ma kadara suka nuna, ita kadara abin da ka tara take nunawa, takardar haraji ita ke nuna abin da ya shigo maka a shekara da abin da ka zuba a asusun da kake neman mu damƙa maka mukullinsa. Mutumin da zai raba Hilux da babura da buhunan shinkafa lokacin kamfe, in takardarsa ta ce samunsa bai wuce na darakta a sakatariyar Audu Baƙo ba, ai ba sai an kira EFCC ba, yaro ma ya gane.

Kuma harajin samun mutum na jiha ne, wanda ke zaune a Kano hukumar tattara haraji ta Kano zai biya. Malamin firamare tun kafin albashi ya faɗo an zare nasa, ɗan kasuwar Kwari da na Singa ana binsu har shago da rasit, mai adaidaita sahu ma bai tsira ba. Garin da Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979 don talaka ne kaɗai ke ɗaukar nauyin, a ce a nan ne ba ma iya tambayar ɗan majalisa nawa ya biya bara?

Akwai uzurin da nake ji kuma ban raina shi ba, Bahaushe ba ya son a san abin hannunsa, ga kambun baka ga 'yan uwa da za su yi layi a ƙofar gida ga masu garkuwa da mutane. Gaskiya ne, shi ya sa ni ban ce a yi irin na Norway ba, inda kowa zai iya shiga intanet ya ga samun maƙwabcinsa da harajinsa (duk da tun 2014 shi ma maƙwabcin yana ganin wanda ya leƙa shi, sai gulmar ta ragu). Alhajin da ke sayar da atamfarsa bai nemi ƙuri'ata ba, sirrinsa nasa ne. Amma wanda ya manna fastarsa tun daga Ƙofar Nassarawa har Kurna, yana yawo da jiniya da 'yan sanda, kar ya ce mana yana tsoron a san yana da kuɗi, an riga an sani, inda suka fito ne ba a sani ba.

Ba sai mun jira Abuja ba. 2027 na tafe, duk ɗan takarar gwamna ko sanata da ya zo hira a gidan rediyo ko ya zo gaisuwa majalisar unguwa, a ce ranka ya daɗe muna son ganin takardar shaidar biyan haraji ta shekara 3, wadda dama ake nema wurin ɗan kwangila kafin a ba shi aikin kwalbati.