Iya ruwa fidda kai: nutsona na farko a Bahar Maliya

Daren da jirgin ruwan yawon shaƙatawa da muka shiga a Jidda ya doshi Sham el-Sheik ta ƙasar Masar, na sauka teburin da ake yankar tikitin fita yawo, uwargida da yara biyu suna biye da ni. Ita so take mu shiga kwale-kwale mai gindin gilashi, mu leƙa kifaye daga sama, mu dawo da tufafinmu a bushe. Na ce haba Hajiya, wanda ya yi wasan iyo a kududdufi ba zai zo har tekun da ta cinye Fir'auna ya ƙare da leƙe ta gilashi ba. Ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a," da irin muryar da ake yi wa mai tafiya asibiti.

A takardar akwai abubuwa uku masu kama da juna, hotunansu ma duk mutum ne da tabarau a cikin ruwa. Na farko iyo ne a saman ruwa da ɗan bututu a baki. Na biyu nutson gwaji na wanda bai taɓa yi ba, wanda ƙungiyar horar da masu nutso ta PADI ke kira Discover Scuba Diving. Na uku nutson masu shaidar ƙwarewa, tukunyar iska biyu. Da na duba farashi sai na ga na ukun bai fi na biyun tsada sosai ba, ga shi kuma tukunya har biyu. Ɗan kasuwa ba ya ganin gyara ya wuce. Na ɗora yatsa a kai.

Yarinyar da ke teburin ta ce in ba ta katina. Na miƙa mata katin ɗaki. Ta ce ba shi ba. Na miƙa na banki. Ta ce katin nutso take nufi. Na ƙarshe da na zaro shi ne lasisin tuƙi, sai na ji babbar 'yata ta ce, "Baba, don Allah." Ashe katin nan sai an yi kwas na kwana 3 zuwa 4, karatu da horo a wurin wanka da nutso huɗu a teku, sannan a yarda mutum ya kai zurfin mita 18. Ni nawa na biyun ne: malami yana gefenka ko yana riƙe da kai, ba a wuce mita 12, ba a kuma ba ka kati in an gama. Mafi ƙarancin shekaru 10. Babbar tana da 13, ta samu shiga da sa hannuna. Auta yana da 8, nan take ya kwanta a kafet ya fara birgima. Akwai na 'yan shekara 8 da ake yi a ruwan da bai wuce mita 2 ba, amma ba ya cikin jerin ranar, don haka aka rufe masa baki da askirim da alƙawarin kwale-kwalen gilashi.

Sai takardar lafiya. Tambayoyi goma ne, na kama biro zan zuba "a'a" daga sama har ƙasa kamar yadda muka saba cike fom. Asma ko ciwon huhu, a'a. Matsalar kunne ko hanci, a'a. Tiyata cikin wata 12, a'a. Farfaɗiya ko suma, a'a. Na zo kan shan maganin da likita ya rubuta, biro ya riga ya sauka, sai na ji numfashin Hajiya a ƙeyata.

"Alhaji, ƙwayar da kake haɗiya kullum da safe fa, alewa ce?"

Ta hawan jini ce. Ga kuma wata tambayar ta wanda ya haura shekara 45, wadda ita ma ta kama ni, domin tana bin sawun taba da kitsen jini da hawan jini da ciwon zuciya a dangi. "E" ɗaya a irin waɗannan gurabe na nufin sai likita ya sa hannu, in babu ba za ka taɓa ko takalmin nutso ba, kuma wasu wuraren ba sa mayar da kuɗi in safiyar ranar ce aka gano. Na gangara asibitin jirgi, aka ɗaura mini abin awo a hannu, aka saurari ƙirjina, aka leƙa kunnuwa, aka sa hannu, aka rubuta kuɗin a dala a kan katin ɗakina. Takardar nan tana intanet kyauta. Da na sauke ta a gida na kai wa likitana, sa hannunsa yana aiki har wata 12, da kuɗin da na biya ya ishe mu tsaraba. Ƙarya a fom ɗin kuwa ba dabara ba ce: mai juna biyu ba ta nutso, mai sikila haka, mai mura ma sai ya warke, domin toshewar hanci tana hana kunne daidaita.

Akwai masu shirya nutso a gari da suka fi jirgi araha, na kuma so in bi ta can. Abin da ya hana ni shi ne ƙa'idar jirgi: in ta hannunsa ka yanki tikiti motarku ta makara, zai jira ku, in kuwa da kanka ka shirya, lokaci na cika zai ɗaga tsani, ka nemi hanyar cim masa a tasha ta gaba da kuɗin aljihunka. Yarinyar ta kuma tambayi ranar da za mu hau jirgin sama. Bayan nutso ɗaya ana son awa 12 kafin a tashi sama, bayan nutso fiye da ɗaya awa 18. A ƙarƙashin ruwa naitirojin na narkewa cikin jini, in matsi ya ragu da gaggawa sai ya yi kumfa kamar lemon kwalba da aka girgiza aka buɗe. Mu da sauran kwana uku, aka wuce wannan.

Da daddare an turo takarda ta ƙarƙashin ƙofa cewa a mayar da agogo baya da awa ɗaya, domin da sanyi Masar tana bayan Saudiyya da awa guda. Ban karanta ba, na ɗora mata kofin shayi. Da safe na tashi kowa da faɗa, muka isa wurin haɗuwa babu kowa sai mai goge ƙasa. Na soma masifa an tafi an bar mu. Mai goge ƙasan ya nuna mini agogon bango da sandar mofa.

A bakin teku aka miƙo mini rigar roba mai kaurin milimita 5, domin a watan Janairu ruwan bai wuce digiri 22 ba, kuma ruwa ya fi iska saurin zuƙe ɗumin jiki nesa ba kusa ba. Na yi minti goma ina kokawa da ita a ɗakin sauya kaya, na fito ina haki, zif a gaba tsaf kamar na jamfa. Malamin, wani Bamisire mai fara'a, ya dube ni ya ce, "Ya Hajj, zif a baya yake." Dalilin doguwar igiyar da ke jikinsa ke nan, don ka ja da kanka ta baya. Na koma na sake minti goma.

Daga nan aka shiga yi mini lodi. Jaket mai shan iska, da maɓalli ɗaya na hurawa ɗaya na sacewa. Tukunyar alminiyom ta lita 12 da aka ɗura wa iska har ma'aunin matsi ya kai bar 200, wadda nauyinta ya haura kilo 15. Na ce ashe oksijin nauyi gare shi. Ya ce ba oksijin ba ne, iskar da nake shaƙa ce yanzu aka tace aka matse, kashi 21 ne kawai oksijin a ciki. Sai regileta, irin aikin ta tukunyar gas take yi, tana rage ƙarfin iska kafin ta iso baki, da wata ta biyu mai launin rawaya ta ko-ta-kwana, da agogon da ke nuna sauran iska. Ƙarshe bel na dalma. 'Yata aka ba ta kilo 4. Ni ya dubi tumbina ya ɗaura 8, ya sake duba ya ƙara 2. Kitse yana yawo a saman ruwa, rigar roba ma haka, ita kuma Bahar Maliya gishirinta ya kai giram 40 a lita, ya fi na yawancin tekuna, sai ta riƙa tura mutum sama kamar gora.

Darasin bai wuce rabin awa ba, kuma duk ya ginu a kan abu ɗaya. A mita 10 matsin da ke kanka ya ninka na bakin teku, duk wata iska da ke jikinka ta matse zuwa rabi, in ka taso ta sake kumbura. Don haka ba a riƙe numfashi ko kaɗan: wanda ya cika huhu a ƙasa ya taso da baki rufe yana iya fasa huhunsa. Kunne kuma a kowace mita, tun kafin ya fara ciwo, a toshe hanci a hura a hankali har a ji ya buɗe. In ya ƙi, a ɗan hau sama a sake, ba a tilasta masa. Sai alamun hannu. Zoben yatsa, wato babba da manuni a haɗe, shi ne lafiya lau. Tafin hannu a kife ana karkaɗa shi, akwai matsala. Babban yatsa a sama kuwa ma'anarsa a fitar da ni. Na gyaɗa kai, a raina ina cewa wannan ai ko auta zai riƙe.

Muka durƙusa a yashi a ruwa iya ƙirji don gwaji. Cire regileta daga baki, a bar 'yan kumfa suna fita, a mayar, a fesar da ruwan ciki da numfashi ko a danna maɓallin gabanta. Wannan na ci. Fitar da ruwa daga tabarau: a danne samansa da yatsu, a ɗaga kai, a fitar da numfashi ta hanci. Wannan ma na iya, domin ban huta da yin sa ba. Gashin bakina ya hana robar kama fata, ruwa yana tsiyayowa ta ƙarƙashin hanci kamar rufin da ya yi yoyo. Maganinsa aske ɗan layin da ke ƙarƙashin hanci ko shafa mai. Ni nawa maganin shi ne na ja maɗaurin na ɗaure tamau, wanda ya ƙara lanƙwasa robar, yoyon ya ƙaru. Gilashin kuma ya yi hazo, saboda da aka ce in tofa yawu in goga in ɗauraye na ce ni ba ƙazami ba ne.

Muka fara gangara. A mita 3 kunnena ya buɗe da ƙara, murna ta kama ni. Malam ya juyo ya yi mini zoben yatsa yana tambaya. Na ɗaga masa babban yatsa da ƙarfi, har da girgiza shi. Ya kama jaket ɗina, ya yafito 'yata, muka taso a hankali.

"Me ya faru, ya Hajj?"

Na ce babu komai, daɗi nake ji. Ya rufe ido na ɗan lokaci. Muka sake sauka. A mita 5 wani garken ƙananan kifaye masu ruwan lemo ya kewaye ni, ya sake tambaya, hannuna da kansa ya sake ɗaga yatsan. Karo na biyu da muka fito 'yata ta cire regileta ta ce, "Baba, don girman Allah ka rungume hannunka." Haka aka yi. A karo na uku malam ya harɗe mini hannuwa a ƙirji, ya kama wuyan tukunyata ta baya, ya riƙa tuƙa ni kamar baro.

A nan ne na samu na kalli ƙasa. Duwatsun murjani iri-iri, wasu kamar farantai a jere, wasu kamar ƙwaƙwalwa. Wani kifi mai baki irin na aku yana gwaguyar dutse, kuma wallahi ana jin ƙarar, kamar mai cin ƙuli-ƙuli a ɗaki shiru. Wani shimfiɗaɗɗe mai ɗigon shuɗi ya kwanta a yashi, idanu kawai a waje. Wani mai ƙayoyi a baje kamar fiffiken ɗawisu ya tsaya cak, na warware hannu zan nuna shi, malam ya maƙe mini yatsa, domin ƙayoyin dafi gare su. Dama an gargaɗe mu ba a taɓa komai, ba a ɗaukar komai, ba a ba kifi abinci. Yankin Ras Muhammad da ke kusa tun 1983 Masar ta keɓe shi. Jan zanen da ke hannun rigar 'yata ya koma ruwan toka, saboda ja ne launin da ruwa ke fara shanyewa. Komai kuma yana ƙara girma da kusan kashi ɗaya cikin uku, wanda shi ne uzurina game da dodon da na hango yana doso ni, na yi ta bugun ƙafa kamar mai tuƙa keke har na tayar da yashi. Kifi ne da bai fi tsawon hannuna ba.

Mun kai mita 9. A irin wannan zurfin kowane numfashi yana cin kusan ninki biyu na iskar da zai ci a sama, mai haki da fafutuka kuma nasa ya fi haka. Minti 22 da saukarmu malam ya jawo agogona ya duba, allura ta sauka bar 50, inda jan layi yake, inda ake dainawa. Ya duba na 'yata, 120. Wannan karon shi ya ɗaga babban yatsa. Muka hau a hankali, yana sace iskar jaket ɗina da kansa don kada ta kumbura ta cilla ni, muka dakata minti 3 a mita 5, muka fito. 'Yata ba ta yi mini magana ba har mota.

A jirgi Hajiya ta dube ni ta ce, "Wa ya mare ka?" Na leƙa madubi: zoben tabarau ya fito raɗau a fuskata, idanu jawur. Da muna sauka ban riƙa hura ɗan numfashi ta hanci cikin tabarau ba, sai iskar ciki ta matse ta zuƙe fuskar kamar ƙahon wanzami. Auta kuwa daga kwale-kwalen gilashi ya ga kunkuru, ya kuma ga, in ji shi, wani mutum mai tumbi ana jan sa ta wuya.

Hoton da mai ɗaukar hoto na ƙarƙashin ruwa ya sayar mana yana nan a falo, Hajiya ce ta sa aka yi masa firam. 'Yata a miƙe kamar kifi da zoben yatsanta, ni a tsaye, tabarau rabi da ruwa, yatsa a sama. Yanzu duk sanda aka yi baƙi na gyara zama na ce, "Lokacin da muke Bahar Maliya," sai in ga su ukun sun ɗaga babban yatsa.