Rawanin wani ba kayan wasan ofis ba ne

Tun ranar 20 ga Janairun 2025 da Shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan umarnin rufe shirye-shiryen daidaito tsakanin ƙabilu da jinsuna a ma'aikatun gwamnatin tarayyar Amurka, wasu suke ji kamar an kwance musu dabaibayi. Kamfanonin Walmart da Meta da McDonald's ma ba su jira umarnin ba, tun kafin nan suka fara janye jiki. Abin da ya ba ni haushi shi ne yadda guguwar ta kai har kan 'yar takardar gargaɗin da kamfanoni kan raba wa ma'aikata kafin bikin Halowin na 31 ga Oktoba da ake yin shigar ban tsoro ko ban dariya, wadda ke cewa kowa ya yi shigar da ya ga dama, amma ban da shafa baƙi a fuska, ban da kwaikwayon addini ko ƙabilar wani. Yanzu sai ka ji ana cewa wannan ma takura ce, a bar mutane su sake, ai wasa ne kawai.

Wasa da wa? Mu da muka tashi muka tarar da wasan Fulani da Barebari, da na Kanawa da Zagezagi, ba za a koya mana raha ba. Wasan taubasai yana da sharaɗi: kowa ya yarda da shi, kuma wanda aka tsokana yana da bakin ramawa. Wace rama ke hannun ƙaramar ma'aikaciya mai hijabi idan manajanta ya shigo da safe da rawanin tawul da gemun roba da bam na kwali a ƙirji? Shi ke rubuta rahoton aikinta, shi ke sa hannu a takardar hutunta. Idan ta yi dariya ta haɗiyi wulaƙanci, idan ta ɗaure fuska a ce ba ta da haɗin kai. A gidan biki wanda ransa ya ɓaci yakan ɗauki takalminsa ya fita. A ofis kuwa dole ta zauna awa 8 tana kallon abin.

Kuma ba yau farau ba. A 2018 ma'aikatan wata makarantar firamare a garin Middleton na jihar Idaho suka yi shigar katangar iyakar Meziko, ɗauke da taken yaƙin neman zaɓen Trump, wasu kuma suka sa malafa da gashin baki na bogi wai su ne 'yan Meziko. Hotunan suka hau shafin Facebook na hukumar makarantun yankin, aka dakatar da mutum 14. A makarantar akwai yaran da iyayensu daga can suka fito, kuma washegari gaban malaman nan za su zauna. Justin Trudeau, tsohon firaministan Kanada, shi ma malamin makaranta ne a Vancouver a 2001, yana ɗan shekara 29, lokacin da ya naɗa rawani ya shafe fuska da hannuwa da baƙi a wata liyafar makarantar. Mujallar Time ta fito da hoton a Satumban 2019 ana tsakiyar kamfen ɗin zaɓen Kanada, ya fito ya nemi gafara. Ita kuwa 'yar jarida Megyn Kelly ko fentin ba ta shafa ba, kare al'adar kawai ta yi a shirinta na tashar talabijin ta NBC a Oktoban 2018, mako bai zagayo ba aka soke shirin.

Masu cewa hukuncin ya yi tsauri su koma su duba asalin abin. Tun wajen 1830 wani farar fata ɗan wasan kwaikwayo, Thomas Rice, yake shafa baƙi yana hawa dandamali yana kwaikwayon bawa da sunan Jim Crow, sunan da daga baya aka laƙaba wa dokokin wariyar launin fata a kudancin Amurka. Baƙar fatar da ke zaune a teburin kusa da kai ya san wannan tarihi ko da kai ba ka sani ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Zancen 'yancin faɗar albarkacin baki kuwa bai ma taso ba, domin gwamnati tsarin mulkin Amurka ya ɗaure wa hannu, bai hana kamfani tsara suturar ma'aikatansa ba. Masu cewa a soke bikin ɗungurungum su ma ragon azanci ne, wanda ya yi shigar kabewa ko ta ɗan sama jannati bai cuci kowa ba.

Abin da shugabannin kamfanoni ke mantawa shi ne, umarnin shugaban ƙasa bai goge sashe na 7 na Dokar 'Yancin Jama'a ta 1964 ba. Har gobe haramun ne a bar wurin aiki ya zama wurin muzguna wa mutum saboda launinsa ko addininsa ko ƙasar da ya fito, kuma ma'aikaci na iya kai ƙara. Don haka su ci gaba da raba takardar nan, manajoji su fara binta kafin kowa, wanda ya zo da shigar cin fuska kuma a mayar da shi gida ya canjo kaya kafin ya zauna a teburinsa.